Tambayoyi da Amsoshi Kan Sa Manyan Tayoyi a Wilin Kamfani Bayan An Ɗaga Hilux

Waɗannan tambayoyi ne da masu a-kori-kura ke yawan maimaitawa a garejin kanikawa da shagunan masu sayar da taya, musamman waɗanda suka riga suka kashe kuɗi wajen ɗaga mota, amma suna so su ci gaba da amfani da wilin da ta zo da shi daga kamfani. An ɗauki Toyota Hilux a matsayin misali, samfurin 2005 zuwa 2015 da wanda ya biyo bayansa, domin ana yawan ganinta a hanyoyinmu daga Kano zuwa Agadas. Yawancin bayanin ya shafi sauran motoci irinta masu sifirin mai ganye a baya da ƙafafun gaba masu motsi daban-daban.

Me lambobin da ke jikin taya suke nufi, kuma ta yaya ake gane tsayinta?

A ɗauki 265/65R17, wadda Hilux da yawa ke zuwa da ita. Lamba ta farko faɗin tayar ne, milimita 265. Ta biyu tana nuna tsayin gefen taya, daga bakin wili zuwa inda take taka ƙasa, kuma ba milimita ba ce, kaso ne na faɗin, wato kashi 65 cikin 100 na 265, wanda ya kama milimita 172. Ta ƙarshe girman wili ce, inci 17. Idan aka haɗa gefe biyu da wilin, tsayin tayar gaba ɗaya ya kai kusan milimita 776, wato inci 30.6.

Da wannan lissafi, 265/70R17 tana da milimita 803, ita kuwa 285/70R17 tana da 831, kuma ita ce ake kira inci 33 duk da cewa ba ta cika ba. Abin lura shi ne tayoyi biyu masu lamba ɗaya daga kamfanoni daban-daban sukan bambanta da 'yan milimitoci, kuma mai manyan haƙora ta shiga laka tana da kafaɗa mai kusurwa wadda ke cin wuri fiye da ta kwalta.

Na ɗaga motata inci biyu. Ba shi ke nan babbar taya za ta shiga ba?

A'a, kuma a nan ne yawancin mutane suke yin asara. Ɗagawar da ake yi ta hanyar sauya sifirin da shokazoba tana sauya inda ƙafar mota take zama ne idan motar tana tsaye, ba ta sauya iyakar inda ƙafar za ta iya kaiwa ba. A ƙasan gaban mota akwai wata roba mai kauri da hannun ƙafa ke bugawa idan ya kai ƙarshen hawansa, kuma tana nan inda kamfani ya sa ta, ko an ɗaga mota ko ba a ɗaga ba. Saboda haka ranar da motar ta faɗa rami da gudu, ko aka loda mata buhuna ta hau gargada, tayar za ta koma sama har inda take kaiwa a da, kuma duk abin da za ta goga kafin ɗagawar za ta same shi yana jiranta. Tazarar da ake gani tsakanin taya da madugadi a gareji tana rage yawan gugar ne kawai, ba ta kawar da ita.

Na biyu, yawancin wuraren da babbar taya ke gogawa ba a sama suke ba. Suna gaba da baya ne da kuma ciki: robar da ke tare laka a bayan tayar gaba, ƙarfen da gangar jikin mota ke zaune a kansa a bayan wannan roba, gefen bamba ta ƙasa, da hannun sama na ƙafar gaba. Shi hannun sama tare yake tafiya da tayar duk inda ta je, don haka ko inci shida aka ɗaga mota, tazarar da ke tsakaninsu ba za ta ƙaru yadda za a dogara da ita ba. Abin da ke yanke hukunci a wannan wuri shi ne wili, kamar yadda aka bayyana a amsar da ta shafi ofset.

Akwai kuma abin da ɗagawa ba ta yi sam, wanda saboda shi ne ma ake neman babbar taya tun farko. Dunƙulen ƙarfen nan da ke tsakiyar aksil na baya, wanda shi ne ya fi kusa da ƙasa, ba ya tashi sai da tsayin taya, kuma rabin ƙarin tsayin kaɗai yake samu. Daga 265/65R17 zuwa 265/70R17 ribar milimita 13 ce, zuwa 285/70R17 kuwa 27. Ya kamata mai mota ya riƙe waɗannan lambobi biyu a zuciyarsa yayin da yake auna wahalar da za a ambata a ƙasa.

Ta yaya zan san faɗin wilina, kuma wace taya ya halatta a ɗora masa?

Ana buga girman a jikin wili, galibi ta ciki a bayan ƙafafunsa idan na alminiyam ne, ko kusa da ramukan noti idan na ƙarfe ne. Za a ga rubutu kamar 17x7.5J, ma'ana girmansa inci 17, faɗinsa inci 7.5. Faɗin ana auna shi ne tsakanin wuraren da leɓen taya ke zama, don haka wanda ya ɗora tef daga baki zuwa baki zai samu kusan inci ɗaya fiye da gaskiya.

Kowace taya tana da iyakar faɗin wili da masu ƙera ta suka amince da shi, kuma suna wallafa shi. Tayar 265/70R17 an amince da ita daga wili mai faɗin inci 7, saboda haka wilin 7.5 ya dace da ita sosai. Tayar 285/70R17 kuwa mafi ƙanƙantar wilin da aka yarje mata shi ne inci 7.5, wato wilin kamfani yana bakin iyaka, ya halatta amma babu rara. Duk abin da ya wuce nan, irin su 315/70R17 ko 35x12.50R17, sun fi ƙarfin wannan wili. Mai faci zai iya tura su su shiga, iska kuma za ta zauna, amma gefen tayar zai kumbura, tsakiyarta ta yi tozo ta riga gefe cinyewa, motar kuma ta riƙa lilo a kwana.

Mene ne ofset, kuma me ya sa ake ta maganarsa?

Ofset shi ne tazarar da ke tsakanin tsakiyar faɗin wili da fuskar da ke manne wa ƙafar mota, kuma ana rubuta shi da milimita, sau da yawa bayan haruffan ET. Idan lambar tana da yawa, wilin ya shige ciki. Idan ta ragu, ya fito waje. Wilin alminiyam na Hilux mai 17x7.5 yakan zo da ofset na 30, wanda ke ajiye tayar can cikin madugadi.

Wannan yana da amfani, yana kuma da illa. Idan aka tashi daga faɗin 265 zuwa 285 a wili ɗaya, tayar ta ƙaru da milimita 10 ta kowane gefe, kuma goman da ta shiga ciki tana tunkarar hannun sama ne kai tsaye, inda dama tazarar ba ta da yawa. Amfanin kuwa shi ne tayar da ke ciki ba ta yin faɗin zagaye idan an karya sitiyari, don haka ba ta saurin kaiwa ga ƙarfen da ke bayanta. Mutane da yawa sun sayi wili mai fitowa waje don su tsere wa gugar hannun sama, sai suka tarar sun sayo gugar bamba da ta gangar jiki. A ganina, ga wanda ƙarin tsayi yake nema, wilin kamfani abin riƙewa ne, muddin bai matsa wa faɗi ba.

To wace taya ce mafi girma da za ta shiga ba tare da yanke-yanke ba?

A wilin 17x7.5, bayan ɗagawar inci biyu, amsar da ta fi tsayawa ita ce 265/70R17. Faɗinta ɗaya da ta kamfani, don haka batun hannun sama bai taso ba, kuma idan ta goga, galibi robar laka ce ko robar cikin madugadi, waɗanda gyaransu ba shi da wuya. Mai wilin inci 16 mai faɗin inci 7 yana da takwararta, 265/75R16, wadda tsayinsu kusan ɗaya ne.

Tayar 285/70R17 tana shiga, amma da aiki. A mafi yawan motoci sai an cire robar laka, an datse gefen bamba, an gyara saitin ƙafa, wani lokaci har an yanke kusurwar ƙarfen da gangar jiki ke zaune a kai an sake walda shi. Wanda ke son tsayi ba tare da faɗi ba, yana iya duba 255/75R17, mai milimita 814, wadda ta fi ta kamfani siranta, sai dai ba kowane shago ke ajiye ta ba, kuma taya mai wuyar samu matsala ce ga mai tafiyar daji. Kafin a biya kuɗin guda biyar, a nemi mai shago ya yarda a ɗaura guda ɗaya a gaba a gwada ta yadda aka bayyana a amsar gwajin guga.

Tawa mai wilin ƙarfe ce siriri, mai taya 205R16C. Ni ma zan iya sa 265?

Ba a wannan wili ba. Wilin da ke ɗaukar 205R16C sau da yawa inci 6 ne faɗinsa, 265/75R16 kuwa tana buƙatar inci 7 aƙalla. Tayar da ta dace da siririn wili ita ce 235/85R16, wadda aka amince da ita daga inci 6, mai tsayin milimita 806, kuma direbobin daji sun daɗe da saninta saboda juriyarta. Sai dai tsallen yana da girma, domin 205R16C ba ta wuce milimita 736 ba, wato ƙarin ya kusa kashi 10 cikin 100, kuma duk abin da aka faɗa a amsoshin maleji da ƙarfin inji zai fi tsanani a nan.

Ta yaya ake gwada ko taya tana guga?

Juya sitiyari a fili mai laushi bai isa ba. A fara da karya shi har ƙarshe dama da hagu, mota tana tafiya a hankali gaba, sannan da baya, domin taya takan ɗan matsa idan ana ribas, kuma guga da yawa a nan take fara bayyana. Daga nan a nemi gangare ko tudun ƙasa a hau da tayar gaba ɗaya kaɗai, har ƙafar ta danne sosai, a ja birkin hannu, a sa dutse a bayan taya, a karya sitiyari, a leƙa da tocila. A yi wa ɗaya gefen haka, domin ba lallai ne dama da hagu su zo ɗaya ba.

Alamar guga ba ta ɓuya ga mai dubawa. A kan roba za a ga wuri ya yi sheƙi, ƙurar da ke kansa ta share kamar an goge da tsumma. A kan hannun sama za a ga fenti ya kankare, a gefen tayar ta ciki kuma a ga wani zobe mai tsabta ya zagaye ta. Wannan na ƙarshen shi ne mai haɗari, domin gefen taya ya fi ko'ina rauni kuma ba a yi masa facin da za a amince da shi. Idan yatsa ba ya shiga tsakanin taya da ƙarfe a lokacin da mota ke tsaye, to a kan hanya, inda roba ke lanƙwasa, za su haɗu.

Ta goga. Me zan fara yi?

A fara da mai sauƙi. Robar laka ana iya cire ta ko a matsar da ita baya, robar cikin madugadi kuma ana ɗumama ta a tura ta ciki ta sandare a haka. Bayan wannan sai saitin ƙafa. Ɗaga gaban mota yana rage kwanciyar da ƙafar ke yi zuwa baya, abin da masu saiti ke kira kasta, kuma idan ta ragu sitiyari yakan yi sakwa-sakwa, ba ya komawa tsakiya da kansa. Mai saitin da ya san aikinsa zai iya amfani da kusoshin hannun ƙasa ya maido da ita ta yadda tayar za ta ɗan matsa gaba, ta nisanci ƙarfen da ke bayanta, kuma 'yan milimitocin nan sukan wadatar.

Yankan ƙarfe shi ne mataki na ƙarshe. Wurin da ake yankewa yana ɗauke da nauyin gangar jiki, saboda haka dole a rufe shi da farantin ƙarfe mai kauri, a yi walda mai kyau, a shafa fenti don tsatsa. Duka da guduma har ya lotsa ba gyara ba ne.

Faifan da ake sawa a bayan wili don ya fito waje fa?

Yana magance gugar hannun sama, domin aikinsa ɗaya da rage ofset, kuma yana jawo irin matsalar da aka ambata a can. Ƙari a kan haka, yana ƙara wa boris da boljoyin nauyi. Idan ya zama dole, a nemi irin wanda ake ɗaure shi da notinsa, mai nasa kusoshin, wanda ya dace da tsarin Hilux mai noti shida, 6x139.7, kuma yake zama cif a kan cibiyar ƙafa mai milimita 106. Siririn faifan da ake zurawa kawai a bar noti ya kama rabin zarensa, da wanda aka yanka a wajen mai walda, a guje su gaba ɗaya, domin ƙarshensu kusa ta karye wili ya fita mota tana gudu.

Malejina zai ci gaba da faɗin gaskiya?

Ba zai ci gaba ba, domin yana ƙirga juyin taya ne, babbar taya kuwa tana cin ƙasa mai yawa a kowane juyi. Daga 265/65R17 zuwa 265/70R17 bambancin kusan kashi 3.5 cikin 100 ne, zuwa 285/70R17 kuwa kashi 7. Inda a da allura ke nuna 100, yanzu gudun ya ƙaru da kilomita 3 ko 7 a awa, alhali iyakar da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta sa wa ƙananan motoci a babbar hanya mai tagwayen layi a Najeriya ita ce 100. A gwada da manhajar GPS ta waya a miƙaƙƙiyar hanya, wani yana riƙe da wayar. Lissafin kilomita ma yana raguwa da wannan kaso, don haka a riƙa yin juyen baƙin mai kafin lambar ta cika.

Me ya sa motar ta yi nauyi kuma ta ƙara shan mai?

Taya mai tsayi tana aiki kamar an ɗan ƙara wa kowace giya tsawo, don haka ƙarfin da ke isa ƙasa yana raguwa da kaso ɗaya da na maleji. Injin fetur mai lita 2.7, wanda shi ne ya fi yawa a Hilux ɗin Najeriya, ya fi jin wannan fiye da na dizal, musamman wajen tashi da lodi, kuma kuloci ne ke biyan bashin. Sannan taya mai ƙarfin gini ta fi ta kamfani nauyi, sau da yawa da fiye da kilo 5 kowace ɗaya, kuma nauyi ne mai juyawa wanda sai an sha wahala a tayar da shi, a kuma tsayar da shi.

Batun birki ya fi na mai muhimmanci. Faifan birki na gaba da gangar birki ta baya girmansu bai sauya ba, amma yanzu suna tsayar da taya mafi tsayi da nauyi, a motar da aka ɗaga wadda nauyinta ya koma sama. Nisan tsayawa zai ƙaru, kuma motar za ta fi saurin karkata idan aka kauce wa rami ko dabba ba zato. Duk wanda ya yi wannan gyara ya ƙara tazara tsakaninsa da na gabansa, ya kuma rage gudu a kwana, musamman idan ya ɗauki mutane a baya.

Iska nawa zan sa?

Lambar iskar da ke jikin taya iyaka ce, ba umarni ba. A fara da abin da ke rubuce a takardar da ke manne a ƙofar direba, a kuma tsaya a kai wajen mai faci, domin da yawa sukan cika iska fiye da kima idan ba a faɗa musu ba. Tayar da lambarta ta fara da LT takan buƙaci ɗan ƙari a kan ta kamfani kafin ta ɗauki nauyi iri ɗaya. Akwai gwaji mai sauƙi: a ja layi da alli a faɗin tayar, a yi 'yar tafiya a miƙe a kan kwalta, a duba. Idan tsakiya kaɗai ya goge, iska ta yi yawa, kuma wannan ya fi faruwa ga faffaɗar taya a siririn wili. Idan gefe ne ya goge, ta yi kaɗan.

Ana auna iska da safe kafin taya ta yi zafi, kuma ba a sace ta a tsakiyar tafiya don an ga geji ya hau a zafin watan Afrilu. A cikin rairayi, irin na arewacin Yobe ko hanyar Agadas zuwa Dirku, ana rage ta sosai don taya ta baje, kuma a nan siririn wilin kamfani yana da fa'ida, domin ya fi riƙe leɓen taya. Da an hau ƙasa mai tauri a mayar da iskar.

Zan iya sayen tayar gwanjo tunda manyan suna da tsada?

Kafin farashi a duba abu biyu. Na farko lambar nauyi da ke bayan girman, kamar 112S: 112 tana nufin kilo 1,120 ga taya ɗaya, S kuma iyakar gudu ce ta kilomita 180 a awa. Kada wadda za a saya ta gaza ta kamfani a lambar nauyi, komai girmanta a ido. Na biyu lambobi huɗu na ƙarshen layin rubutun da ya fara da DOT a gefen taya, waɗanda ke nuna mako da shekarar ƙira, misali 2321 tana nufin mako na 23 a 2021. Tayar da ta tsufa takan tsattsage a gefe ko da haƙoranta suna nan, zafin kwaltarmu kuma ba ya raga mata. Taya mai ƙullutu a gefe ko tsohon faci kusa da kafaɗa ba ta da araha ko nawa aka sa mata.

Zan iya sauya biyu yanzu, biyu daga baya? Safaya fa?

A mota mai jan ƙafa huɗu, a'a. Idan aka sa giyar ƙafa huɗu, gaba da baya suna juyawa tare ne, kuma bambancin tsayi yana murɗe shaf da akwatin giya, yana kuma rikita na'urar birki ta ABS da ta hana santsi. Haka safaya: dole ta zama girman sauran, in ba haka ba ta zama ta lallaɓawa zuwa wurin mai faci mafi kusa kawai. A gwada ɗaga sabuwar a mazauninta na ƙarƙashin bodi tun a shago, a tabbatar ba ta taɓa salansa ko ƙarfen jan tirela ba. A kuma gwada jak, domin wanda ya zo da mota ba lallai ne ya iya raba tayar motar da aka ɗaga da ƙasa ba, sai an tanadi katako mai kauri na ɗorawa.

Bayan an ɗaura, me ya rage?

A yi balansin kowace taya, a yi saitin ƙafa bayan an gama komai, ba kafin ba. A ɗaure noti a gicciye, ɗaya sannan wanda ke fuskantarsa ta ɗaya gefen, da sifana mai auna ƙarfi bisa abin da littafin motar ya ce, ba da bututu da tsalle a kai ba. Bayan kilomita 50 zuwa 100 a sake bin su. A makonnin farko a riƙa leƙa robar shaf ta gaba, wadda ɗagawa ke sa ta aiki a karkace, a ga ko ta fara yayyafa giris, a kuma sake duba wuraren da aka ambata a amsar gwajin guga bayan tafiya ta farko da cikakken lodi.